Tartini, mai gogen Italiya da aka ce ya karɓi kiɗa daga hannun Shaiɗan

A ƙasar Tarka, yamma da Tanut, cikin Damargu, kowane abin kiɗa da mutanensa. Kalangu na mahauta ne da ƴan mata, gangar noma ta masu gayya ce, algaita da kakaki kuwa na ƙofar sarki. Amma in aka tambayi dattawa goge na wane ne, sukan yi jim kaɗan kafin su ce na mutanen ɓoye ne, wato iskoki. Hatta wanda bai taɓa taka dandalin bori ba, in ya ji an ja izga bisa tsagiya cikin dare, yakan ji tsigar jikinsa ta tashi, domin muryar ta yi kama da ta ɗan Adam ƙwarai, alhali kuwa ba maƙogwaro ke fitar da ita ba. Wannan zargi da ke bin mai goge ya wuce iyakar ƙasar Hausa. A Italiya, kimanin shekara ɗari uku da suka wuce, an yi wani gwani mai suna Giuseppe Tartini, wanda ya share fiye da shekara 40 yana kiɗa cikin ɗaya daga manyan majami'un Kirista, amma har yau abin da duniya ta fi riƙewa game da shi, shi ne wai Shaiɗan ya koya masa kiɗansa mafi daɗi.

Ɗan magatakardan gishiri

An haifi Tartini ranar 8 ga watan Afrilu na shekara ta 1692 a Piran, wani ƙaramin gari a bakin tekun Adiriyatik. Yau garin yana cikin ƙasar Silobeniya, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin mulkin Benis, birnin fatake da jiragen ruwa. Arzikin Piran gishiri ne. Akan tare ruwan teku cikin filaye masu faɗi, rana ta shanye shi, a kwashe gishirin, kuma cinikinsa yana hannun hukumar Benis. Mahaifin yaron, Giovanni Antonio, mutumin Fulorans, yana cikin magatakardan da ke riƙe da lissafin wannan gishiri. Mutanen Damargu, da suka daɗe suna musanyar hatsinsu da kantun Bilma da na Fashi wanda ayarin Abzinawa ke saukowa da shi, ba su bukatar dogon bayani kan matsayin mutumin da lissafin gishiri ke hannunsa. Gidan masu hali ne, irin gidan da ba a son jin ɗansa ya zama makaɗi.

Iyayensa sun so ya zama malamin addini. Aka sa shi lakwal ta limaman Kirista, can ne kuma ya fara taɓa biyolon, wato gogen Turawa, a matsayin ɗaya daga cikin darussan yara. A 1708 ya tafi jami'ar Paduwa karatun shari'a. Sai dai abin da aka fi saninsa da shi a birnin a lokacin, wasan takobi ne, har an ce ya yi tunanin mai da shi sana'a. Wannan bai kamata a wuce shi da sauri ba: mai takobi da mai izga duka da wuyan hannun dama suke aiki, kuma daga baya duk koyarwar Tartini a kan wannan hannu ta tsayu.

A 1710 mahaifinsa ya rasu. Cikin wannan shekara, yana da shekara 18, ya auri Elisabetta Premazore, wadda ta girme shi da shekara biyu, kuma danginsa na ganin ba tsararsu ba ce wajen dukiya da asali. Yarinyar tana ƙarƙashin kulawar Kardinal Giorgio Cornaro, babban limamin Paduwa. Da labarin auren ya kai gare shi, sai ya tuhumi saurayin da satar mace. Tartini ya bar amaryarsa, ya gudu kudu, ya fake a gidan sufayen ɗarikar Faransis da ke Asisi. Can ya zauna kimanin shekara uku, ba takobi, ba jami'a, ba mata, sai ɗaki da biyolon. Ana ba da labarin cewa sufayen sukan sa shi kiɗa a bayan labule lokacin ibada, don kada a gane shi, masu ziyara suna jin murya ba su ganin mai ita, har wata rana labulen ya kauce, wasu mutanen Paduwa suka shaida fuskarsa. Ko haka aka yi ko ƙari ne na masu ba da labari, ƙarshenta dai fushin Kardinal ya huce, Tartini ya koma ga matarsa, suka zauna tare har mutuwa ta raba su bayan kusan shekara 60.

Wajen 1714 yana cikin makaɗan gidan wasan opera na Ankona. A 1716 ya ji wani gwanin Fulorans mai suna Francesco Maria Veracini yana kiɗa a Benis, ya gane cewa nasa hannun bai kai ko kusa ba. Maimakon ya yi gardama, sai ya sake keɓe kansa a Ankona yana gyaran jan izga. Sakamakon ya bayyana a 1721, lokacin da hukumar majami'ar Waliyyi Antoniyo ta Paduwa ta naɗa shi shugaban masu biyolon, ba tare da ta sa shi jarrabawar da aka saba yi ma kowa ba. In ban da shekarun 1723 zuwa 1726 da ya yi a Parag, inda ya je bikin naɗin sarki Charles na shida ya kuma zauna yana aiki a gidan wani basarake mai suna Kinsky, Paduwa ce mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa. An yi ta kiransa Paris da Landan da alkawarin kuɗi masu yawa, ya ƙi zuwa.

Tsagiya ɗaya, tsirkiya huɗu

Kafin a shiga maganar mafarkin, ya dace mai karatu ya ajiye kayan biyu gaba da gaba. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsagiya ta gashin wutsiyar doki bisa wani ɗan icce da ake kira jaki. Izgar ma gashin doki ce, kuma sai an goga mata ƙaro take kama tsagiyar. Biyolon akwatin katako ne siriri mai tsirkiya huɗu, waɗanda a zamanin Tartini da hanjin tumaki ake murɗa su. Izgarsa gashin doki ce, ita ma sai da ƙaro. A duka biyun babu wata alama a jikin sandar da ke nuna ma yatsa inda zai tsaya. Kunne ne kaɗai jagora, shi ya sa mai kiɗan ke iya zamewa daga murya zuwa murya, ya yi kuka, ya yi shagwaɓa, ya yi tambaya, kamar yadda bakin mutum ke yi. Molo ko gurmi, da an taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa ke nan. Abin da ake ja da izga kuwa yana riƙe numfashi, yana ƙara shi, yana rage shi. Daga nan ne tsoron ya samo asali, a Paduwa da Damargu baki ɗaya.

Zamanin da Tartini ya tashi a ciki, wanda Turawa ke kira barok, kusan daga 1600 zuwa 1750, shi ne lokacin da biyolon ya hau kan sauran kayan kiɗa a Italiya. A Kiremona, Antonio Stradivari yana sassaƙa waɗanda har yau ake saye da miliyoyi. A Roma Arcangelo Corelli ya kafa ƙa'idar kiɗan, a Benis kuma Antonio Vivaldi yana koyar da ƴan matan gidan marayu. Tartini ya bar fiye da konsarto 130, wato kiɗan da biyolon guda ke jagora taron makaɗa na amsa masa, da kuma sonata masu yawan gaske, inda biyolon ke tafe da rakiyar mutum ɗaya ko biyu. Bai taɓa rubuta opera ba, ko da yake nan ne kuɗi da suna suke a lokacin. Wani baƙo Bafaranshe, Charles de Brosses, da ya zaga Italiya a 1739, ya ruwaito cewa Tartini na ganin kowa ya tsaya ga abin da ya iya, domin rubuta ma maƙogwaro daban yake da rubuta ma tsirkiya.

Mafarkin

Labarin ya fito ne daga wani masanin taurari na Faransa, Jérôme Lalande, wanda ya zaga Italiya a 1765 da 1766, ya kuma buga littafin tafiyarsa a 1769. Bisa ga abin da ya rubuta, wata rana da dare a 1713 Tartini ya yi mafarki ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan, Shaiɗan ya zama baransa, yana biya masa kowace bukata tun kafin ya furta. Sai ya ga bari ya gwada shi, ya miƙa masa biyolon. Baran ya karɓa, ya yi wani kiɗa mai kyan da Tartini bai taɓa zaton akwai irinsa ba, har numfashinsa ya ɗauke, ya farka a firgice. Ya rarumi biyolon don ya kamo abin da ya ji, amma ya riga ya tsere masa. Abin da ya iya rubutawa, in ji labarin, shi ne mafi kyau cikin duk ayyukansa, amma tazarar da ke tsakaninsa da na mafarkin ta kai har da yana da wata hanyar cin abinci, da ya karya biyolon ya bar kiɗa har abada.

Wannan sonata ita ce Faransawa ke kira Le Trille du diable, a Hausance ana iya cewa Karkarwar Shaiɗan. Takan ɗauki kamar minti 15. Tana farawa a hankali, da wani taushi mai kama da rarrashin yaro, sannan ta yi sauri, sannan a kashi na ƙarshe ta riƙa kaiwa da komowa tsakanin natsuwa da gudu. A nan ne abin da ya ba ta suna yake. Yatsu biyu na hannun hagu suna karkarwa da sauri bisa tsirkiya ɗaya ba tsayawa, sauran yatsun kuma suna tafiyar da wata waƙa daban bisa tsirkiyar da ke kusa, izga guda tana jan duka biyun. Mai sauraro da ya rufe ido zai rantse mutum biyu ne ke kiɗa. Har yau gwanayen duniya suna gumi a wannan wuri, kuma da yawansu sukan ƙara da wani ƙarin gwaninta da Fritz Kreisler ya rubuta mata a farkon ƙarni na 20.

Masana tarihin kiɗa ba su gamsu da shekarar 1713 ba. Salon sonatar na mutum ne da ya ƙware, shi ya sa akasarinsu ke kai ta wajen 1740 ko bayan haka. Ba a kuma buga ta ba sai a 1798, a Paris, cikin littafin koyon biyolon na Jean-Baptiste Cartier, shekara 28 bayan rasuwar mai ita. Wani abin lura shi ne, labarin bai jawo ma Tartini wata fitina ba. Ya ci gaba da zama mutumin majami'a, ana girmama shi. Wanda zargin ya ci da gaske shi ne Niccolò Paganini, gwanin da ya zo bayansa. Shi ma an yi ta raɗe-raɗin ya sayar da ransa, kuma da ya mutu a Nis a 1840 ba tare da limami ya yi masa addu'ar ƙarshe ba, hukumar addini ta hana a rufe shi a maƙabartar Kirista. Gawarsa ta yi ta yawo daga wuri zuwa wuri, sai a 1876 ta samu kabari a Parma.

Murya ta uku

Mutumin da aka laƙaba ma Shaiɗan, a zahiri mutumin lissafi ne. Ya ce a 1714, a Ankona, ya lura da wani abu: in aka ja tsirkiya biyu tare, muryoyinsu kuma suka daidaita sosai, kunne yakan ji wata murya ta uku, ƙasa da su, tana gurnani a hankali, alhali babu tsirkiyar da ke fitar da ita. Wani da ya ji haka cikin dare, shi kaɗai a ɗaki, da ya nemi tsari ya ajiye kayan. Tartini sai ya shiga aunawa. Ilimin yau ya tabbatar da abin: in tsirkiya ɗaya tana girgiza sau 600 cikin sakan guda, ɗayar sau 400, kunne da kansa yakan haifar da sauti na uku mai girgiza sau 200, wato bambancin da ke tsakaninsu. Har yanzu da sunan Tartini ake kiran wannan sauti. Ya mai da shi ma'auni ga almajiransa: in ba su ji muryar ta uku ba, to yatsunsu ba su zauna daidai ba.

Sai dai ya zarce. A littafin da ya buga a Paduwa a 1754, da wani a 1767, ya yi ƙoƙarin gina dukan ilimin kiɗa, har ma da tsarin halitta, bisa wannan murya da lissafin da'ira. Ya yi ta musayar wasiƙu da Padre Martini na Bolonya, ya kuma kai maganar gaban babban masanin lissafi Leonhard Euler. Masu lissafi sun sami kurakurai da wuraren da ba a gane abin da yake nufi, abin ya ɓata masa rai matuƙa a shekarunsa na tsufa. Gaskiyar magana, kunnensa ya fi alƙalaminsa kaifi.

Akwai kuma wani ɓangare nasa da ya fi kusa da zuciyar mai goge. A saman takardun kiɗansa yakan rubuta wasu kalmomi da baƙaƙen sirri na ƙirƙirarsa. Sai wajen 1935 wani masani Bagirke, Minos Dounias, ya warware su, aka tarar yawanci baitocin mawaƙan Italiya ne irin su Metastasio da Tasso. Ke nan a ransa biyolon magana yake yi, kalmomin suna nan, an dai ɓoye su. Duk wanda ya san take a ƙasar Hausa ya san wannan: mai goge yakan ja taken wani basarake ko na wani iska ba tare da ya buɗe baki ba, masu sauraro kuma su ji kalmomin sarai. Haka kuma Tartini bai raina waƙar talakawa ba. Muryar da masu tuƙa kwale-kwale na Benis ke rera baitocin Tasso da ita, ya ɗauke ta ya sa cikin wasu ƙananan sonata da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda shi kansa yakan kaɗa su shi kaɗai, ba rakiya.

Abin da ya tsare sunansa

Wajen 1728 ya buɗe makarantar biyolon a Paduwa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Faransa, Jamus da sauran ƙasashen Turai, har aka sa mata suna makarantar al'ummai. Cikinsu akwai Pietro Nardini, wanda ya zo ya yi jinyarsa a ciwon ajali, da Bafaranshe Pierre La Houssaye. Darussansa kan yadda ake ƙawata murya sun yi ta yawo a rubuce daga hannu zuwa hannu, har Leopold Mozart, mahaifin shahararren Mozart, ya ɗebi wasu ya sa cikin littafinsa na 1756. Don horar da hannun dama kaɗai, Tartini ya ɗauki wata gajeriyar waƙar rawa ta Corelli ya juya ta hanyoyi da dama, har suka kai 50 a bugun da aka fi sani. Wajen 1740 ya samu ciwo a hannu wanda ya rage masa fita kiɗa, amma koyarwa ba ta tsaya ba. Matarsa ta rasu a 1769, shi kuma ya bi ta ranar 26 ga Fabrairu 1770. An rufe su a majami'ar Santa Katarina ta Paduwa. A 1896 mutanen Piran suka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar dandalin garin, wanda ke ɗauke da sunansa.

In aka duba da kyau, labarin Shaiɗan ya yayata sunan ne kawai. Abin da ya sa ana iya jin kiɗan yau abu uku ne: hukumar da ta ɗauke shi aiki tana biyansa shekara da shekaru, makarantar da ta haifi almajirai, da takarda. Mai gogen Damargu ya samu zargin cikakke, amma bai samu ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Matsayinsa a gari sananne ne. Ana nemansa in aure ya zo, ana nemansa a asirce in wata ta faɗi an rasa gane ciwonta, domin a bori kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Doguwa daban, kuma mai goge da ƴan ƙwaryarsa ne ke kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ilimi ne mai yawa, dukansa a ka. Amma da gari ya waye, mutumin da aka yi ma liƙi jiya shi ne wanda ba a son ba shi ɗiya. Malamai sun daɗe suna sukar goge, tun zamanin jihadin 1804 da shugabanninsa suka yi rubutu kan kaɗe-kaɗe, kuma wa'azin shekarun baya-bayan nan ya ƙara tsananta. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da ido ke gani dai shi ne, makaɗa da yawa sukan rataye gogen in girma ya zo, ƴaƴansu kuma ba su ɗauka. Sunayen da suka tsira, irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge, ko Ahmadu Doka mai kukuma, ƙanwar goge, sun tsira ne saboda sun yi zamani da faifai da gidajen radiyon Najeriya. Na ƙauye, wanda bai taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar murya ba, in ya mutu an rufe shi da takensa.

A rugagen Abzinawa na wannan yanki akwai ƴar'uwar goge, anzad, ko imzad a bakin mutanen Hoggar. Ita mata ne kaɗai ke kaɗa ta, maza suna rera waƙa ko suna amsawa da gunji. A can abin daraja ne, domin mace mai anzad ana jin nauyinta, kuma a da jarumi yakan ji tsoron abin da za a faɗa kansa a gabanta. Duk da haka ita ma ba ta rabu da mutanen ɓoye ba, don akan kaɗa ta ga marar lafiya da ake zaton mutanen daji, kel essuf, sun taɓa shi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 ya kashe dabbobi, ya watsa rugage, ya tura iyalai gefen birane. Samarin da suka dawo daga Libiya da Aljeriya sun dawo da gita, wadda ta zama muryar zamaninsu. A 2013 UNESCO ta sa anzad cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar, Mali da Aljeriya. A Tamanrasat wata ƙungiya da aka kafa a 2003 ta buɗe gidan koya ma ƴan mata. Wannan shi ne irin matakin da ke da amfani, domin takardar UNESCO ba ta koya ma kowa riƙon izga.

Nijar ba ta rasa abin farawa ba. Tun 1963 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki muryoyin makaɗan ƙasar, aka buga su a faifan Ocora a Paris. A 1989 an buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na kowace kabila, masani Mahaman Garba kuma ya yi aiki mai yawa a kansu. Amma daga Yamai zuwa Belbeji tafiya ce mai nisa, kuma goge da ke rataye a gidan tarihi ba ya kiran kowa. Tun 2011 Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta. Ɗaukar muryar tsofaffin da suka rage, tare da sunan kowane take, da na wanda ya koya musu, da garin da ya fito, aiki ne da wayar salula guda da littafin rubutu za su iya yi. Wanda bai yarda da bori ba ma yana iya yarda cewa abin da kakanni suka yi ya cancanci a san yadda yake.

Wasiƙa zuwa ga yarinya

Cikin duk abin da Tartini ya rubuta, wanda aka fi karantawa gajeriyar wasiƙa ce. Maddalena Lombardini ɗiyar Benis ce, an haife ta a 1745, iyayenta ba su da hali, ta shiga gidan Mendicanti tana ƴar shekara 7, ɗaya daga gidajen jinƙai huɗu na birnin da ke koya ma ƴan mata kiɗa. Tana da shekara 14 lokacin da tsohon malamin, mai shekara 67, ya aika mata darasi a rubuce ranar 5 ga Maris 1760, kafin ta samu zuwa Paduwa da kanta. Daga baya yarinyar nan ta auri wani mai biyolon, Lodovico Sirmen, ta yi kiɗa gaban jama'ar Paris a 1768, ta buga nata ayyukan a 1769, ta ci gaba zuwa Landan. Wasiƙar kuwa an buga ta a 1770, shekarar da mai ita ya rasu, aka fassara ta cikin harsunan Turai, kuma malaman biyolon na ba ɗalibansu ita har yau.

Babu Shaiɗan a cikinta, babu lissafin da'ira. Maganar karkarwar yatsa ma sai a ƙarshe ta zo, inda ya ce a fara ta a hankali, a riƙa ƙara sauri kaɗan kaɗan. Abin da ya sa a gaba shi ne hannun dama. Ya umurce ta da ta zaɓi tsirkiya guda, kada ta ɗora mata yatsa ko ɗaya, ta aza izga da sauƙin da farkon sautin zai zama kamar numfashi, sannan ta riƙa ƙara masa ƙarfi har ya cika, ta yi haka in izgar na hawa, ta yi in tana sauka, a tsakiyarta da bakinta da gindinta. Ya ce ta ba wannan aƙalla awa guda kowace rana, a rarrabe, kaɗan da safe, kaɗan da maraice.